Agogon Jiki da Halayyar Ɓera: Yadda Ƙwayoyin Gado Ke Sarrafa Sinadaran Ƙwaƙwalwa

1. Gabatarwa

Manomin Tozai, ko na Isa, ko na fadamun Gulbin Rima da ke wajen Sabon Birni, ya san cewa ɓarnar ɓera, wanda Gobirawa ke kira kusu, iri biyu ce. Akwai wanda ke yin tasa da rana tsaka, a gan shi yana gilmawa ta 'yan hanyoyin da ya share a cikin ciyawar gefen gona. Akwai kuma wanda ba ya fitowa sai sawu ya ɗauke, ya faɗa wa rumbu ko ɗakin ajiya, da safe a tarar da ƙaiƙayi da kashinsa. Na farko shi ne ɓeran ciyawa, wanda masana ke kira Arvicanthis. Na biyu shi ne ɓera mai yawan nonuwa, watau Mastomys, wanda kuma shi ne ke ɗauke da ƙwayar cutar zazzaɓin Lassa. A 2004 Safianu Rabiu da abokin aikinsa sun buga nazari a kan asarar da waɗannan ɓeraye biyu ke jawowa a gonakin noman rani na arewacin Nijeriya.

Dabbobin nan biyu dangin juna ne, gona ɗaya suke ci, rana ɗaya ke fito musu, amma lokacin tashin ɗaya shi ne lokacin kwanciyar ɗaya. Wannan lacca za ta duba abin da ke gaya wa dabba lokaci. Za ta nuna cewa akwai agogo a cikin jiki wanda ake gado, kuma ƙwayoyin gadon da ke tafiyar da shi su ne har ila yau ke auna wasu sinadaran ƙwaƙwalwa masu hukunci a kan kuzari da tsoro da kwaɗayi. Idan agogon ya lalace, hali ma yakan canza.

2. Agogon da ba ya buƙatar rana

Bahaushe ya raba yini da sunaye: asuba, hantsi, walaha, azahar, la'asar, magariba, lisha, har zuwa talatainin dare. Ya lura zakara yana cara kafin alfijir, ganyen tsamiya da na gyaɗa suna naɗewa da almuru. Abin da aka daɗe ana zato shi ne, rana ce ke ba da umarni, halitta kuwa bi kawai take yi.

A 1729 wani masani a Faransa mai suna de Mairan ya sa wani tsiro mai naɗe ganye a cikin duhu, sai ya ga ya ci gaba da buɗewa da safe, yana rufewa da yamma, alhali ba ya ganin rana. A 2013 wasu manazarta a Jami'ar Nagoya ta Japan sun yi wa zakaru kwatankwacin haka. Sun ajiye su cikin haske dishi-dishi wanda ba ya canzawa dare da rana, amma zakarun suka ci gaba da cara a daidai lokacin da jikinsu ya ɗauka asuba ce. Wannan ya nuna agogon a ciki yake. Zagayensa bai cika awa 24 cif ba, yakan gaza kaɗan ko ya ɗara kaɗan, aikin hasken rana shi ne ya daidaita shi kowace safiya, kamar yadda mai agogon hannu ke gyara nasa da na rediyo.

A 1972 ƙungiyoyin masana biyu a Amurka suka gano mazaunin babban agogon a dabbobi masu shayarwa. Wani ɗan gungu ne na ƙwayoyin jijiya kimanin 20,000 a gindin ƙwaƙwalwa, daidai saman wurin da jijiyoyin idanu biyu suka gitta juna. A nan za a kira shi uwar agogo. Idan aka lalata shi, dabba takan yi barci da farkawa barkatai. A 1990 Martin Ralph da Michael Menaker da abokan aikinsu suka ɗauki wannan gungu daga wata dabba dangin ɓera mai suna hamsta, wadda ta gaji yini mai awa 20, suka dasa shi a ƙwaƙwalwar wata da aka cire wa nata. Wadda aka dasa wa ta koma bin yini mai awa 20.

3. Ƙwayoyin gado na agogo

Jikin dabba an gina shi ne da ƙwayoyin halitta, a cikin kowace kuwa akwai rubutaccen umarni da ta gada daga uwa da uba. Kowane yanki na umarnin nan shi ake kira ƙwayar gado, galibin aikinta kuma shi ne ta sa a ƙera wani furotin. An fara gano ƙwayar gado ta agogo a 1971, lokacin da Ronald Konopka da Seymour Benzer suka sami 'yan ƙudajen da ke bin ruɓaɓɓun 'ya'yan itatuwa iri uku: masu yini na awa 19, masu na awa 28, da waɗanda ba su da tsari ko kaɗan. Duka ukun illa ce a ƙwaya guda, wadda suka sa wa suna Period. Waɗanda suka warware yadda take aiki, watau Jeffrey Hall da Michael Rosbash da Michael Young, sun sami kyautar Nobel a 2017.

Dalilin da ya sa aka koma ga ɓera a fili yake. Dabba ce mai shayarwa, cikinsa mako uku ne kacal, ana iya ganin jikoki da tattaɓa-kunne a shekara guda, mafi yawan ƙwayoyin gadon ɗan Adam kuma suna da takwarori a jikinsa. Auna agogonsa ma ba wuya. Akan sa masa wani ƙarfe mai juyawa kamar garen yara a cikin keji, na'ura tana rubuta duk lokacin da ya hau yana gudu. A cikin duhu mai ɗorewa, ɓeran gwaji yakan fara gudunsa ne duk bayan awa 23 da kusan minti 40.

A 1994 Martha Vitaterna da Joseph Takahashi na Jami'ar Northwestern, kusa da Shikago, suka auna ɓeraye kimanin 300, suka sami ɗaya wanda yininsa ya kai kusan awa 25. Da aka haɗa zuriyarsa, waɗanda suka gaji illar ta wajen uwa da uba duka sai yininsu ya kai awa 27 zuwa 28, daga bisani tsarin ya watse baki ɗaya. Aka sa wa ƙwayar suna Clock, a 1997 kuma aka gano ainihin mazauninta.

Ga yadda agogon ke juyawa. Furotin biyu, na Clock da na wata ƙwaya mai suna Bmal1, sukan haɗu su kunna ƙwayoyin Period da Cryptochrome. Furotin ɗin waɗannan sai su yi ta taruwa tsawon yini, idan sun yi yawa su koma su danne na farkon da suka kunna su, ƙira ta tsaya. Cikin dare jiki yakan rushe su kaɗan-kaɗan, da sun ƙare sai na farkon su sake kama aiki. Misalinsa kamar mai ɗebo ruwa ne da randa: yana zubawa har ta cika, cikarta ta dakatar da shi, sai an sha ruwan ya yi ƙasa sannan ya koma rijiya. Cika da raguwar nan su ne ke ɗaukar kusan awa 24. Wannan zagaye kuwa yana gudana a hanta da zuciya da ƙoda da sauran sassan ƙwaƙwalwa, uwar agogo tana haɗa kansu. Wani bincike na 2014 ya nuna kashi 43 cikin 100 na ƙwayoyin gado masu ƙera furotin a jikin ɓera suna hawa da sauka bisa lokacin yini a wata gaɓa ko wata.

4. Daga agogo zuwa sinadaran ƙwaƙwalwa

Ƙwayoyin jijiya suna aika wa juna saƙo ne ta hanyar sinadarai. Ɗaya daga cikinsu shi ne dofamin, wanda wani gungu a tsakiyar ƙwaƙwalwa ke fitarwa, shi ne ke sa dabba ta himmatu ga neman abin da ta ji daɗinsa. Yawansa ya dogara ga abu biyu: furotin da ke ƙera shi, da furotin da ke rushe shi bayan ya isar da saƙo. An gano cewa ƙwayoyin agogo suna da hannu a duka biyun.

A 2005 da 2007 Colleen McClung da abokan aikinta a birnin Dalas suka bayyana halin ɓerayen nan masu illa a ƙwayar Clock. Ba su zama wuri ɗaya, barcinsu kaɗan ne. Ɓera mai lafiya yana tsoron fili da haske, yakan bi gefen bango. Waɗannan kuwa sukan fita tsakiyar fili ba fargaba. Idan aka sa su cikin ruwa sukan daɗe suna fafutika ba su saduda ba. Kwaɗayinsu ga ruwan sukari da hodar ibilis ya fi na sauran. Da aka duba ƙwaƙwalwarsu sai aka tarar furotin mai ƙera dofamin ya ƙaru, ƙwayoyin jijiyar da ke fitar da shi kuma suna aiki fiye da ƙima.

Likitocin ƙwaƙwalwa sun san irin wannan siffa a jikin mutane. Akwai wani ciwon taɓin hankali mai fuska biyu, wanda mai shi yakan yi makonni cikin zumuɗi da rashin barci da ganganci, sannan ya faɗa cikin baƙin ciki mai tsanani. Tsohon maganinsa shi ne gishirin litiyam. Da aka ba ɓerayen litiyam, mafi yawan halayen nan suka lafa. Da aka mayar da lafiyayyar ƙwayar Clock a gungun dofamin kaɗai, ba a taɓa uwar agogo ba, yawan zirga-zirgar da rashin tsoron suka koma daidai. Wannan gwaji yana da muhimmanci, domin ya nuna canjin halin bai tsaya ga gajiyar rashin barci ba. Ƙwayar agogon tana aiki kai tsaye a wurin da ake sarrafa sinadarin. A 2015 aka ƙara gano cewa zumuɗin ɓerayen da hauhawar dofamin ɗinsu sun fi tsanani da rana, lokacin da ya kamata su kwanta.

Ta ɓangaren rushewa kuma, a 2008 ɗakin binciken Urs Albrecht a Jami'ar Fribourg ta Suwizalan ya nuna cewa ɓerayen da aka lalata wa ƙwayar Period ta biyu suna da ƙarancin furotin da ke rushe dofamin, saboda haka sinadarin yakan taru. A 2014 masana a Jami'ar Ƙasa ta Seul, a Koriya ta Kudu, suka nuna wata ƙwayar agogon mai suna Rev-erb alfa ita ce ke taka wa furotin mai ƙera dofamin birki a wasu sa'o'i na yini. Ɓerayen da suka rasa ta sukan zama masu zafin nama da faɗa.

Akwai kuma gulutamet, sinadarin da ke zaburar da jijiyoyi. A 2005 Rainer Spanagel na Manhaim a Jamus da abokan aikinsa suka tarar ɓeraye masu illa a Period ta biyu ba su iya kwashe gulutamet da sauri, yana taruwa a ƙwaƙwalwarsu, kuma idan an ajiye musu ruwa da giya sun fi sauran shan giyar. Da aka ba su maganin da ke rage gulutamet, shan ya ragu. Ke nan illa a ƙwayar agogo guda tana iya bayyana a matsayin jarabar abin maye.

5. In ɓera na da sata, daddawa ma na da wari

Kada a ɗauka sai an taɓa ƙwayar gado sannan agogo ke lalacewa. Muhalli ma yana da nasa laifin. A 2002 aka gano wasu ƙwayoyin jijiya a cikin ido waɗanda ba gani ne babban aikinsu ba, auna ƙarfin haske suke yi su kai labari ga uwar agogo. A 2012 ɗakin binciken Samer Hattar a Jami'ar Johns Hopkins ya ajiye lafiyayyun ɓeraye a inda ake kunna fitila awa uku da rabi, a kashe awa uku da rabi, ba fashi. Jimillar barcinsu ba ta ragu ba, amma sinadarin tashin hankali ya ƙaru a jininsu, sha'awarsu ga zaƙi ta ragu, koyonsu ya yi rauni. Ɓerayen da ba su da ƙwayoyin idon nan kuwa ba abin da ya same su. Haske a lokacin da bai dace ba ya isa ya taɓa hali, ko da gadon yana nan lafiya lau. Lokacin cin abinci ma haka: tun 2000 aka nuna a Janeba cewa idan aka ciyar da ɓera da rana kawai, agogon hantarsa yakan juya, uwar agogo kuwa ta tsaya inda take, gaɓoɓin jiki su rabu biyu.

6. Komawa ga ɓeran ciyawa

Mafi yawan gwaje-gwajen da suka gabata a kan ɓeran gida aka yi su, shi kuwa dabbar dare ce, haske yana kora shi rami. Bugu da ƙari, zuriyar da aka fi amfani da ita a ɗakunan bincike kusan ba ta fitar da melatonin, sinadarin da jikin mutum ke fitarwa cikin duhu. Don haka masana suka nemi ɓera mai yini a farke kamar ɗan Adam, suka same shi a Afirka. Jami'ar Jihar Mishigan tana kiwon ɓeran ciyawa da aka kawo daga Kenya, jinsin da ake samu tun daga kwarin Nilu har arewacin ƙasar Hausa, a Sitirasbug ta Faransa kuma ana kiwon ɗan'uwansa da aka kawo daga Mali.

Abu na farko da aka koya daga gare shi yana amsa tambayar da aka buɗe lacca da ita. Ƙwayoyin Period a uwar agogon ɓeran rana da na ɓeran dare lokaci ɗaya suke hawa, watau da rana. Agogon ɗaya ne. Bambancin yana ga sauran sassan ƙwaƙwalwa da ke karɓar saƙonsa: a jikin ɗaya saƙon yana nufin a tashi, a jikin ɗaya yana nufin a kwanta.

Abu na biyu ya shafi hasken rana. Lily Yan da abokan aikinta a Mishigan sun ajiye ɓerayen ciyawa mako huɗu a inda hasken yini bai wuce na ɗaki mai duhu-duhu ba. Dabbobin suka nuna alamun baƙin ciki da fargaba, sinadarin oreksin mai riƙe farkawa ya ragu. A rahoton 2018 an nuna mahaɗan jijiyoyi a sashen da ke riƙe taswirar wurare sun ragu da kimanin kashi 30 cikin 100, dabbobin kuma suka kasa tuna hanyar da aka koya musu. Da aka mayar da su cikin haske mai ƙarfi na wani mako huɗun, suka farfaɗo. Dabba mai yini a farke tana buƙatar dare mai duhu, tana kuma buƙatar yini mai haske.

7. Iyakar kwatancen

Ɓera ba ya faɗin abin da ke ransa. Abin da ake aunawa motsi ne da ci da sha da gujewa, ba a kuma cewa ɓera yana da ciwon hauka, sai dai a ce halinsa ya yi kama da wani ɓangare na ciwon. Cututtukan ƙwaƙwalwa na mutane ba ƙwaya guda ke jawo su ba. Ƙwayoyi ne masu yawa tare da abin da rayuwa ta kawo.

Duk da haka akwai inda kwatancen ya tsaya daram. A 2001 aka bayyana wani dangi a Jihar Yuta ta Amurka waɗanda barci ke kwashe su wajen ƙarfe bakwai da rabi na yamma, su farka wajen huɗu da rabi na asuba. An tarar suna da canji a Period ta biyu. A 2007 aka sa wa ɓeraye wannan canjin na mutane, su ma lokacinsu ya matso gaba. Ashe a cikin masu sammako da masu nauyin barci akwai waɗanda gado ne, ba ƙwazo ko lalaci ba.

8. Abin da wannan ke nufi ga ƙasar Gobir

Sabon Birni da Isa suna wajen digiri 13 ne arewa da layin da ya raba duniya biyu. Tsakanin yini mafi tsawo da mafi gajarta a shekara, bambancin kimanin awa ɗaya da rabi ne kawai. Ga rana mai ƙarfi, ga dare mai duhu, ga sallolin asuba da magariba da ke bin fitowar alfijir da faɗuwar rana. Ta fuskar agogon jiki, mutumin karkara a wannan yanki ya gaji tsari mai kyau ƙwarai.

Abin da ya rushe shi ba fitila ba ce. Tun daga 2019 hare-haren 'yan bindiga suka tsananta a waɗannan ƙananan hukumomi biyu, dubban mutane suka tsallaka iyaka zuwa Jihar Maraɗi. A ƙauyukan da abin ya shafa an ga mata da yara suna barin gida da magariba su kwana a daji ko a gari mafi kusa, maza kuma suna kwana a zaune suna gadi. Mutumin da ya yi watanni a haka, barcinsa da cinsa da hasken da ke shiga idonsa duk sun sauka daga lokacinsu. Idan aka ga ya zama mai saurin fushi, ko mai mantuwa, ko ya fara neman ƙwayoyi, firgici da asara suna da babban kaso a ciki, amma binciken ɓera ya ba da dalilin a tambaye shi yadda yake kwana kafin a yanke masa hukuncin lalacewar hali.

Ga ma'aikacin gwamnati akwai abubuwan da ke hannunsa. Mai tsara aikin dare ga ma'aikatan jinya da 'yan sanda da masu gadi yana iya rage yawan dare a jere, ya kuma riƙa juya zagayen daga safe zuwa yamma zuwa dare, domin agogon mutum ya fi sauƙin jinkirtawa a kan gaggautawa. Mai gina aji ko ofis ko ɗakin majinyata yana iya barin tagogi su shigo da rana. Mai kula da sansanin 'yan gudun hijira yana iya tsayar da lokacin rabon abinci, ya kuma kau da fitilun tsaro daga fuskar masu barci. Ma'aikacin lafiya a asibitin karkara yana iya rubuta tarihin barcin majinyaci kafin ya tura shi Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Kware. Ɗalibi kuma ya san cewa kwana karatu har asuba da haske a ido yana raunana sashen ƙwaƙwalwar da yake so ya cika.

9. Kammalawa

An ga cewa agogon jiki gado ne, an ga ƙwayoyin da ke juya shi, an kuma ga su ne ke hawa da saukar da dofamin da gulutamet a ƙwaƙwalwar ɓera, har hali ya canza idan sun sami illa ko haske ya zo ba a kan lokaci ba. Sauran aiki yana ga jami'o'in wannan yanki. Ɓeran ciyawar da ake ɗauka zuwa Amurka da Faransa a yi nazarinsa yana nan a gefen gonakin Gulbin Rima, tare da ɗan'uwansa na dare, cikin ainihin rana da zafi da hunturun da suka saba da su. Ɗalibin Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo mai tarko da agogo da littafin rubutu yana iya fara auna lokutan fitowarsu a damina da rani, abin da zai amfani manomi mai neman sanin lokacin ɗana tarko, ya kuma amfani likita. Hausawa sun ce dare mahutar bawa. Binciken da aka bayyana a nan ya nuna hutun nan yana cikin abin da lafiyar ƙwaƙwalwa ta dogara a kai, saboda haka mayar wa mutanen Tozai da maƙwabtansu darensu yana cikin aikin kiwon lafiya, kamar yadda yake cikin aikin tsaro.